Taku Ɗari Biyu da Goma

Kwamitin unguwa taku ɗari ya ce. Mai Fenti ya shata farar iyakarsa a taku ɗari biyu da goma daga ƙofar makarantar da ake zaɓe a cikinta, daidai gindin falwayar lantarki.

Shugabar makarantar ce ta bi gida-gida tana karɓar sa hannu, har hukuma ta yarda kada mai bindiga ya kusanci rumfar zaɓe. Shekara takwas ke nan da harsashi ya ɗauke ƙanwarta a layin jefa ƙuri'a, ba wanda ya ga inda ya fito. Ta tambayi Mai Fenti dalilin ƙarin, ya ce ɗari bai isa ba. Ba ta ja da shi ba.

Da ma ba mai doguwar magana da shi. Ɗaki ɗaya yake haya, ba mata, ba baƙo, kofinsa ɗaya. Matan layin suna tsokanarsa, wai bokitin fentin ya aura. Duk shekara yakan shafe bangon aji uku kyauta, wanda ramin harsashin yake jikinsa.

Ranar zaɓe su shida aka ajiye a bakin iyakar. Da hantsi motar sojoji ta kunno kai. Ɗaya ya tuna bai yi zaɓe ba, biyu suka tafi neman ruwa, sauran ko sallama babu. Ya rage shi da bokitinsa.

Saja ya diro, ya ce tsaro suka kawo.

"Matsa, baba."

"Ka ajiye bindigar ka wuce, Saja. Ita dai ba za ta tsallaka ba." Ya nuna cikin mota da haɓa. "Kuma na hagun nan bai kulle tasa ba."

Saja ya waiwaya. Haka ne kuwa. Ya dubi yadda tsohon ya haɗa dugadugansa, ya runtse ido ɗaya ya hangi ƙofar makarantar daga gindin falwayar. Ya tambayi wanda ya auna nisan. Mai Fenti ya ce ƙafarsa ce.

Motar ta ja baya. Can suka wuni, shi kuma ya wuni a tsaye cikin rana, ba wanda ya zo ya karɓe shi. Mutane suka yi zaɓe, suka watse lafiya.

Da la'asar Shugaba ta kawo masa ruwa da hannunta, idonta ya yi ja.

"Allah ya saka, Malam. Da kana nan a waccan ranar, da ƙanwata tana raye."

Ya riƙe kofin har ta ɓace, bai iya kai shi baki ba. Ai yana nan a ranar. A gindin falwayar nan ya durƙusa cikin kaki, ya ɗana kunamar bindigarsa.