Rabin Hancin Sarki

Shekara biyar ke nan Tamsin na murza rabin sulen nan da babban yatsa, kamar mai lallashin jariri.

Ranar da aka kwashi mazan yankin Devon na Ingila zuwa yaƙin Faransa, mijinta Gawen ya kai sabon sulen azurfa maƙerar amininsa Barnaby. Barnaby ya datsa shi biyu, daidai tsakiyar hancin sarki. Gawen ya miƙa mata rabi, ya huda ɗayan ya rataya a wuya da jan zare.

"In wannan ya dawo ba tare da ni ba, yarinya, ki sa baƙaƙen kayan takaba."

Tare suka tafi da Barnaby. Bayan shekara biyu Barnaby ya dawo shi kaɗai, ya ajiye rabin a tafin hannunta yana hawaye. Ta haɗa da nata, suka zauna daram. Ta yi kuka har ta gode Allah, daga baya ta aure shi. Ba so ba ne, amanar da ya riƙe ta aura.

Mutumin kirki ne kuwa, kowa ya shaida. Sau ɗaya ta taɓa jin ya ɗaga murya, bara, da ya fatattaki wani mabaraci mai ƙafa ɗaya daga ƙofar gida. Ta taga ta hango ƙeyarsa kawai.

Nata rabin yana akwati. Na Gawen take murzawa.

Ranar kasuwa ta miƙa wa Goggo Sibil mai kifi sule. Tsohuwar ta goga shi a zani, hancin sarki ya yi ja, ta cillo mata abinta.

"Kai can da Mai Jan Hanci! Ni za ki yi wa wayo, matar maƙeri?"

"Haba Goggo, kuɗin sarki ne fa."

"Sarkin da yaƙi ya tsiyata? Tun shekarar da ta biyo bayan tafiyar mazanmu azurfa yake shafa wa jan ƙarfe. Na da, ko ki kwana kina gogawa, fari yake fat."

Tamsin ta bar kifin. Ta isa gida, ta buɗe akwati, ta jera rabi da rabi a bakin taga, tana jin gudumar Barnaby daga maƙera.

Nata rabin hancin sarkin fari fat. Rabin da Barnaby ya kawo ja wur, sulen da ba a ma buga shi ba ranar da Gawen ya bar gida. Sai a lokacin ta tuna abin da ta gani a ƙeyar mabaracin nan: jan zare.