Jariri Mai Kilo Ashirin

"Kilo ashirin fa, Likita! Yaro ɗan wata takwas!" Uwar ta dire jaririn a kan tebur. "Kullum rage masa abinci nake yi, kullum ƙara nauyi yake. Kakarsa ta ce bakin mutane ne."

Likita ta ɗora shi a sikeli. Kilo bakwai. Ta sake ɗorawa, bai ƙaru ba.

"Wa ke auna shi a gida?"

"Ni ne," in ji uban, yana haki saboda matakala uku da ya hawo. "Rungumarsa nake yi in hau sikeli, sai in cire nauyina, kilo saba'in."

"Yaushe rabonka da auna kanka kai kaɗai?"

"Tun kafin a haife shi. Ai babba ya gama girma."

Likita ta kalli maɓallin rigarsa da ke neman agaji. "Baiwar Allah, abincin da kike rage wa yaron, ina yake tafiya?"

Uwar ta waiwayo a hankali.

"Ai zubar da abinci babu kyau," in ji uban, yana cusa ɗan cokalin yaron cikin aljihu.