Almakashin da Orval Ya Manta

Bernice ta tsaya a ƙofar ɗakin da ke ƙarƙashin gidansu da butar ban ruwa a hannu, ta toshe hanci da gefen rigarta. Tukwane huɗu, iyakar abin da dokar lardin Ontario na Kanada ta yarda gida ɗaya ya shuka, suna jere ƙarƙashin farar fitila, fanka na kaɗa su. Tabar wiwin mijinta Orval ta fara fure. Warin ya haura kicin, ya kama labule, ya kama har rigar da take zuwa coci da ita.

Ɗakin nan take so. Keken ɗinkinta yana kan teburin cin abinci, kuma matan coci masu ɗinka wa mabukata barguna sun daina taruwa a gidanta tun ranar da ɗayarsu ta shaƙi iska ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin bene.

Orval ya baro aikin haƙar ma'adinai da sanyin ƙashi. Yatsunsa sun kumbura sun lanƙwashe, ita ke ɓalla masa maɓallin riga kowace safiya. Ya ce ganyen ne ke sa shi barci. Ba ta musa ba, amma ta rantse hannunta ba zai yi wa wannan shuka hidima ba. Sau biyu yana shukawa, sau biyu ganye na cunkushewa, fumfuna ta cinye furen. Shi da bakinsa ya ce in bana ma ta lalace, ɗaki ya zama nata.

Ranar da zai tafi kamun kifi na mako guda da amininsa Murray, sai da ya ja ta har gaban tukwanen.

"Ruwa kawai, tsohuwa. Ruwa ai ba hidima ba ce, ko kare ana ba shi."

"Kamun kifi! Kai da ko kwalbar zuma ba ka iya buɗewa?"

"Murray zai kama, ni in ci. Amma don Allah ki ji: kin ga manyan ganyen nan masu faɗi, da suka yi wa fure rumfa? Kada ki kuskura. Da waɗannan ƙananan rassan na gindi, daga nan zuwa nan." Ya gwada mata da bayan hannu. "In aka taɓa su, na shiga uku."

Yanzu ga ta ita kaɗai. Ta zuba ruwa, ta juya za ta fita, sai idonta ya faɗa kan kantar da ke jikin bango. Almakashi ne sabo fil, bakinsa na ƙyalli. Kusa da shi ga safar hannu 'yar ƙarama, ga kujera a daidai tsayin tukwanen.

Bernice mace ce mai tsoron Allah. Ta haura sama ta dafa shayi. Ta sha, tana kallon keken ɗinkinta tsakanin gishiri da kwandon burodi. Sannan ta sauko.

"Ya Ubangiji, ka dai ga ba ni na ajiye almakashin nan ba," ta ce, ta zura safar. Ta yi mata cif.

Da yake maɗinkiya ce, ko ɓarna ba ta iya yinta a hargitse. Ta bi manyan ganyen ɗaya bayan ɗaya, tana datsewa daga tushe. Ta share rassan gindi, daga nan zuwa nan, yadda aka gwada mata. Ta ƙyale furen, don a ganinta wannan kam zai zama mugunta. Da ta gama, itatuwan sun tsaya da ƙafafu tsirara kamar kajin da aka fige, haske da iska na ratsa su ta ko'ina. Ta tura ganyen cikin takin lambu, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta auna bangon ɗakin da ido don ganin inda keke zai zauna.

Da Orval ya dawo ya leƙa, ya dafe ƙirji ya zauna a kan matakala.

"Bernice! Me na yi miki?"

"Na ga kamar suna jin zafi ne," ta ce, tana kallon silin.

Ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Tausayi ya kama ta. Ta gasa masa wainar tuffa, ranar Lahadi kuma ta daɗe a durƙushe a coci. Amma ba ta fasa ɗinka sabon labulen ɗakin ba.

Sai dai itatuwan sun ƙi mutuwa. Mako ya bi mako, furen na kumbura, ya yi danƙo, ya yi nauyi har sai da aka tokare rassan da sanda. Fumfuna ko ɗigo. Bernice kan sauko da kwandon wanki, ta tsaya ta harare su, ta koma. Ranar girbi ta ninke labulen ta tura ƙasan akwati, ta ce Allah ne ya nuna mata iyakarta.

Murray ya zo ganin amfanin. Tana saukowa da kofi ta jiyo muryarsa, sai ta dakata a tsakiyar matakala.

"Kai tsohon banza, wa ya yi maka wannan aski? Ko masu gonar kamfani ba su fi haka ba. Kada ka ce mini da waɗannan ƙahonnin yatsun naka!"

Orval ya yi dariya ƙasa-ƙasa, irin mai girgiza kafaɗu.

"Shekara biyu ina roƙonta ta rage mini ganye, ta ce ita ba ta taɓa kayan shaiɗan. Shi ne bana na sayo almakashi da safa daidai hannunta, na nuna mata duk wanda nake so a cire, na ce kada ta kuskura."