Ƙaho Biyu

"Miƙo min ƙahon awon babanki," in ji mijina, yana ƙyalli cikin sabuwar rigar layu. Ranar ce zai fara harbi a gaban mafarautan Sikaso kaf, wajen bikin binne shugabansu.

Na miƙa masa, kaina a sunkuye. "Sabon hannu da kaɗan yake farawa. Baba ma sai da ya shekara ashirin yana harbi kafin ya cika ƙahon nan da albarushi."

"Ke da ko kaza ba kya iya yi wa tsawa? Koma ki ga tuwonki, malamar bindiga."

Babana yatsu bakwai gare shi, kuma ba haka aka haife shi ba. Bindigar mijina kuwa ta girmi ta Baba.

Da masu gurmi suka kira shi, ya ja kunama. Ƙarar ta kori awakin gari, shi kuma ta jefa shi cikin kwaryar giyar tsofaffi. Ya miƙe da rabin gashin baki, yatsunsa goma, ana ta yi masa kirari.

Da ya dawo ya tsaya a kaina. "Kaɗan, ko? To ƙaho biyu na zuba, matsoraciya! Bikin gaba uku zan yi."

Na ce masa sannu da ƙoƙari. Tun safe, yana wanka, na cushe rabin ƙahon da kakin zuma. Yanzu ina tunanin inda zan samo ƙarin kakin.