Alwala Sau Ɗaya

Ranar wata Juma'a, ana tsuga ruwa a Iskandariya, ya yi alwala sau ɗaya tak, yadda likitar da ke yi masa maganin waswasi ta daɗe tana koya masa. Zuciyarsa ta ce gwiwar hannu ba ta jiƙe ba.

"Sake mana, gwani," in ji yayansa da gatse. "Ai liman zai jira ka."

Ya kashe famfon. "Ta yi, Yaya. Mu je."

A sahu kuka ya ƙwace masa. Cutar ta cinye masa aikinsa na gidan burodi, da shekara shida, da sallar gawar babansu, wadda aka sallame yana can waje yana sake wanke hannu.