Hannun Sanata Mijinyawa

Tun da ɓarin jikin Sanata Mijinyawa ya shanye, bakinsa ya mutu, hannunsa na hagu kaɗai ke magana. Matsa ɗaya e, matsa biyu a'a. Mai riƙe hannun kuwa Sista Nanret ce, nas ɗin da ta bar aikin babban asibiti a Doha ta zo jinyarsa a gidansa da ke unguwar Matar Ƙadim. Ƙawayenta na unguwar Najma har mahaukaciya suka kira ta.

'Ya'yansa fa? Sai dai su leƙo daga bakin ƙofa, suna toshe hanci da turare. Ita ke juya shi, ita ke zuwa kasuwar Abu Hamur ta zaɓo masa gwanda mai laushi. In ta sunkuya, wata siririyar sarƙa takan leƙo daga wuyan rigarta, ta yi maza ta mayar.

Ba ciwo ne ya fara kawo Sanata Doha ba, gudu ne. Lokacin da yake shugabancin majalisa, shugaban ƙasa ya tura sojoji ƙetaren iyaka ba tare da ya tambayi kowa ba, sai daga baya ya aiko neman amincewa. Aka yi ƙuri'ar murya. Masu cewa a dawo da yaran suka yi "a'a" har ginin ya amsa. Mutumin naka ko gezau, ya buga guduma ya ce, "Masu e sun rinjaye." Yaran suka dawo a akwatuna, wasu ko akwatin ba su samu ba.

Yanzu gwamnati ta sauya. Kotu na jiransa a gida, matan sojojin kuma sun rantse ko a kan gado aka kawo shi sai sun ga idonsa. Abin da yake tsoro ke nan fiye da mutuwa.

Ranar Juma'a babban ɗansa Abdulhakeem ya shigo, ya tsaya nesa da gadon. Jinya ta ishe shi, amma yana tsoron bakin dangi.

"Sista, tambaye shi. A mayar da shi gida?"

Nanret ta kama hannun. Jijiyoyin wuyan tsohon suka tashi, hawaye ya gangaro masa.

"Ya ce e."

"Allahu akbar! Kewar gida har da kuka. Khalas, shi ke nan, Baba, sai gida."

Ranar tafiya ita ta raka shi a motar asibiti zuwa filin jirgi. Hannun nan bai daina matsa nata ba, bibbiyu, bibbiyu, kamar dai yadda ya yi ranar Juma'a. Ta zaro sarƙar, ta kai ɗan ƙarfen da ke jikinta daidai idonsa ya karanta: Kofur Edwin, da lambarsa ta soja.

"Mijina ne, ranka ya daɗe," ta ce a kunnensa. "Na ji a'arka sarai. Masu e sun rinjaye."