Buzuzun Orval

"Duk yankin nan babu ƙasar da ta kai tawa rai," in ji Orval Tiedeman, yana jingine da ƙofar makiyaya, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

Makiyayar ma ba tasa ba ce. Ta tsohuwa Lorene ce, shekara goma sha tara yana haya. Bara ta gindaya masa sharaɗi: ko ya daina tsiyaya wa shanu maganin tsutsar ciki a gadon baya, ko ya kwashe garkensa. Wai maganin yana fitowa cikin kashi ya kashe buzuzu, kashin ya bushe ya kwanta kamar faifai, ciyawa ta ƙi tsirowa. Orval ya ce ya ji, ya daina.

Yau ake duba ko ya daina ɗin. Maƙwabta sun cika bakin shinge, Lorene ta zo da sandarta, da wata mai binciken ƙasa daga jami'a, Marisol. Abokinsa Duane ya leƙa bayan a-kori-kurar Orval, ya tambaya ko aure zai yi, don bai taɓa ganinta a wanke ba. Aka yi dariya. Orval ma ya buɗe haƙora. A cikinsa kuwa ba tsoro, ba komai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ya ja su can kusurwar kwamin ruwa. Busasshen kashin da suka yi ta tsallakewa a hanya, ya ce na bara ne.

Marisol ta durƙusa, ta kifar da wani ɗanyen kashi. Buzuzu baƙi ƙirin, sai hawa kan juna suke. Lorene ta gyaɗa kai. Duane ya ce, "Tsoho, ashe arzikinka a ƙarƙashin kashi yake."

Marisol ta ɗauki guda, ta goge bayansa da yatsa. Ta ɗauki na biyu, na uku. Ta tambayi nisan makiyayar Duane daga nan. Aka ce mil goma sha biyu.

Ta miƙe, ta buɗe tafinta a gaban Lorene, ba ta ko kalli Orval ba.

"Wannan ɗigon jan fentin, ni na sa musu shekaranjiya a makiyayar Duane. Buzuzu dai yana tashi, amma ban taɓa ganin ya taso har da kashin shanun da yake ciki ba."